Bayan Sunaye

Ƙarfe ɗayan dare a Cubao,
ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.
Mu huɗu a rumfar Aling Nenita,
kowa da kwanon faten shinkafa mai citta,
a kan bencin da ya saba ɗaukar biyar.

Luningning ce ta fara, ko cokali ba ta ɗaga ba:
"Sun ci kuɗinmu.
Awa uku ana rushe birni
ko kyanwa ba ta yi ɗingishi ba.
Kashi na biyu shi ne fim,
sauran duk cin kasuwa ne."

Dodong ya daki tebur, romo ya fantsama:
"Ke dai dutse ne a ƙirjinki.
Da kumbon nan ya keto gajimare
sai da na damƙe hannun wanda ke gefena,
wani tsoho ne, ban san shi ba,
shi ma ya damƙe nawa."

Teofilo, malamin lissafi,
ya zaro biro, ya jawo takardar goge baki:
"Can sama babu iska.
To ƙarar fashewar nan ta ina ta biyo?
Alkyabbar kuma, wa ke kaɗa ta?"
Aka ce ya ci abincinsa tun da zafi.

Ni ban ce uffan ba.

Jarumin da muka binne bara waccan,
mai sulken tagulla da tabo a gira,
wanda muka fito muna jan hanci dominsa,
yau ya dawo.
Wai akwai wata ƙofa a bayan wata,
wai lokaci ne aka naɗe kamar tabarma,
ya tako ya fito, ko ƙasa babu a kafaɗarsa.
Zauren ya kaure da ihu.

Da Efren na nan da ya tsine musu.
Shekara goma sha ɗaya yana faɗa a bencin nan:
"Wanda ya mutu a bar shi ya mutu.
In kabari na da ƙofar baya
a biya ni hawayena."
In ce masa ai tatsuniya ce,
ya ce tatsuniya ma tana da kunya.
Mu yi ta yi har Aling Nenita ta kife tukunya,
mu ƙarasa a bayan motar haya,
ya sauka a kwanar gidansu yana ɗaga yatsa:
"Ban sallama ba. Sai gobe."

A watan Yuni babur ɗinsa
ya gamu da motar siminti a titin Aurora.

Shi ya koya mini zama bayan an kunna fitilu:
"Kar ka tashi, akwai saura bayan sunaye."
Yau ma na zauna.
Sunaye na hawa kamar tururuwa a bango,
masu zana wuta, masu ɗinka sulke,
direbobi, masu dafa wa direbobi,
mai shara na jira da tsintsiya a bakin layi.
Can aka nuno wani hannu
yana motsi a ƙarƙashin ƙanƙara.
Dodong ya ƙwalla ƙara.
Ni kujera ta sha huɗu na duba,
wadda na biya wa peso ɗari huɗu,
gugguru na kanta, ba wanda ya taɓa.

"Kai fa, Rodelio?" in ji Luningning.
"Ka yi shiru kamar an aiko ka."

Na ce, "Ha'inci ne.
Wanda ya mutu a bar shi ya mutu."
Maganar ta fito da muryar da ba tawa ba,
har Teofilo ya ajiye bironsa.

Na ce, "Amma ran Asabar zan koma."

Aling Nenita ta dire kwano na biyar,
ta tuna, ta miƙa hannu za ta ɗauke.
Dodong ya ce ta bar shi tukuna,
ruwan bai tsaya ba.